Muryar Bronka a Bakin Mira

Fim tamanin da huɗu Pani Bronisława Wojtal, wato Malama Bronisława a harshenmu, ta fito a ciki, kuma babu ko ɗaya da aka bar ta ta kai ƙarshensa. Ita ce matar da ke leƙowa ta taga ta ce ɗan sanda ya zo neman maƙwabci. Ita ce mai sayar da tikiti da ke rufe taga a fuskar jarumi, ita ce nas mai ɗauke da tasa, surukar da ba a so, mai sharar bene. Minti uku, in an yi mata alheri minti biyar, sai labari ya wuce ya bar ta riƙe da tsintsiya. Duk birnin Łódź an san fuskarta, faffaɗa mai ɗan guntun hanci. Amma ka tsayar da mutum goma a titin Piotrkowska ka tambaye su sunanta, tara za su ce, "Ai matar nan ce, ta cikin fim ɗin nan," na goman kuma ya kira sunan wata daban.

Wannan bai dame ta can ba. Bronka, kamar yadda muke kiranta a unguwar Bałuty, 'yar masaƙa ce, uwarta a gaban injin zare ta tsufa, kuma ta san mai fuska irin tata ba a ɗora ta a bangon mujalla. Abin da ya ci mata rai shekara arba'in cur shi ne muryarta. Ƙasa gaba ɗaya ta san muryar nan, tana ƙaunarta, tana kuma kiranta muryar Mira Olszak. Bronka ba ta da wani buri da ya wuce a ce ko sau ɗaya, kafin a kai ta maƙabarta, wani ya faɗa a gaban mutane cewa tata ce.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 1968 kyamarorin da ake ɗaukar fim da su ƙara suke yi kamar keken ɗinki, saboda haka duk maganar da aka yi a wajen ɗauka zubar da ita ake yi. In an gama, sai 'yan wasa su shiga wani ɗaki mai duhu, a haska musu guntun fim yana zagayawa yana dawowa, su yi ta maimaita kalamansu a makirfo har magana ta hau leɓe daidai. Ran nan Bronka tana zaune a baranda da gilashin shayi, tana jiran a kira ta ta faɗi jimlolinta uku na mai sayar da shayi a tasha, a wani fim mai suna Jirgin Safe Zuwa Kutno. Daga ciki ta ji darakta, Pan Zenon Rybak, wato Malam Zenon, yana ta ɗaga murya.

Sabuwar jarumar fim ɗinsa ce ta sa shi a uku. A wani kantin magani a wajajen Białystok ya tsinto Mira, kuma maganar gaskiya, kyau dai Allah ya ba ta, ko Bronka ba ta taɓa musun wannan ba. Amma da ta buɗe baki sai wata siririyar murya ta fito, tana ja tana rerawa irin ta mutanen gabas. Mai ɗaukar sauti, Pan Alojzy, ya cire abin kunnensa ya ajiye.

"Pan Zenon, kada mu yaudari kanmu. Wannan in ta ce ina son ka, mutane za su ɗauka akuya ce ta maƙale a shinge."

Mira ta fashe da kuka. Darakta ya fito baranda yana kunna taba, idonsa ya faɗa kan Bronka.

"Pani Bronka, ba ke ce kike karanta labari a rediyo ba? Ajiye shayin nan, zo."

Ta shiga da kayan wasanta na mai shayi. Aka haska fuskar Mira, ƙatuwa, hawaye na bin kumatu, tana leƙowa daga tagar jirgin ƙasa. Bronka ta kalli leɓen sau biyu, a na uku ta ce, "Kada ka jira ni a tasha, Janek. Zan zo da ƙafata." Ta faɗe shi da muryarta ta gida, mai kauri, mai ɗumi, wadda ke ɗan dushewa a ƙarshen jimla. Pan Alojzy ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, darakta kuma ya kama hannunta ya sumbata, abin da bai taɓa yi ba. Kwana tara ta yi a cikin duhun nan tana yi wa Mira magana, tana yi mata dariya, tana yi mata kuka. Mira na zaune a kusurwa tana cin tuffa.

Da fim ya fito, sunan Bronka na can ƙasan jerin sunaye, bayan na mai kula da dawaki: mai shayi, B. Wojtal. Maganar murya babu ita. A lokacin ba a rubutawa, kuma darakta ya ja kunnen kowa.

Fim ɗin kuwa ya yi abin da ba wanda ya zata. Mata a layin nama suna cewa juna, "Kada ki jira ni, zan zo da ƙafata." Direbobi na faɗa wa fasinja. Wani mai sharhi ya rubuta shafi guda a jarida a kan muryar Mira Olszak, wai murya ce da ta san yaƙi, ta san yunwa. Bronka ta karanta a tsaye a kicin, ta yi tsaki, ta naɗe kifin gishiri da shafin. Yunwar me Mira ta sani? Da aka mamaye Łódź lokacin yaƙin duniya, Bronka ce ke tsintar ɓawon dankali a bayan barikin soja, Mira ko haihuwarta ba a yi ba.

Amma duk wannan da sauƙi. Babban cin fuskar ya zo bayan wata uku, ranar da aka ba ta rawar mai wanki a wani fim. Ta faɗi layinta na farko, sai Pan Zenon, wanda ya leƙo gaisuwa, ya ja ta gefe.

"Pani Bronka, ranki ya daɗe, ba za ki iya magana haka ba."

"Haka yaya? Haka nake magana tun ina goye."

"Na sani. Amma ki duba, mai wanki ta buɗe baki mutane su ji Mira? Ai mun shiga uku. Ki ɗan shaƙe ta. Ki yi ta hanci. Ke da kin iya komai."

Haka aka haifi muryar da duk muka san Bronka da ita a fim, mai ƙarar ƙofa mara mai, mai sa yara dariya. Tata ta gaske ta zama ta aro, sai an kira ta ɗakin duhu take fito da ita. Fim shida ta yi wa Mira. Ita kuwa Mira ta koyi dabara: a gaban 'yan jarida ba ta magana sai raɗa-raɗa, kalma biyu, murmushi, ta sunkuyar da kai. Sai aka ce ai ga kunya, ga zurfin ciki.

Kishi kam Bronka ta yi shi, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta yi kishin rigar gashin da Mira ta sayo a waje, ta yi kishin ƙafafunta, ta yi kishin yadda mai taksi ke fitowa ya buɗe mata ƙofa. In ta ga hotonta a tagar kanti sai ta ji miyau ya yi mata ɗaci. Har cikin gidanta abin ya bi ta. Mijinta Czesiek direban taragon lantarki ne mai jigilar fasinja a cikin gari, mutumin kirki mai son miyar żurek mai tsami da barcin rana, kuma ya san gaskiyar maganar tun ranar farko. Duk da haka wata rana ta kai masa abinci ƙarshen layi, ta tarar da hoton Mira manne a saman gilashin gabansa.

"Czesiek, wannan fa?"

"Wanne? Au, wannan. Haba Bronka, ai ke nake tunawa in na kalle ta."

"Ni kake tunawa. Da wannan wuyan nata kamar na zabuwa?"

"To in manna naki ne? Fasinja su ɗauka mai duba tikiti ce, su yi ta dirowa?"

Dariya ya so ta yi. Ta ajiye masa kwanon ta juya, sati guda ba ta yi masa magana ba, da muryar gida ko ta hanci.

Da ita Mirar kuwa ba su taɓa faɗa ba, abin da ya fi baƙanta wa Bronka rai ke nan. Duk ranar sunan Bronka, wadda a wurinmu ake yi wa biki kowace shekara kamar ranar haihuwa, sai ga furanni daga babban birni Warszawa, da ɗan kati: ga ƙaunatacciyar Pani Bronka. Ba na gode, ba komai. Hanya ɗaya Bronka ta samu ta hucewa. 'Yan wasanmu suna da al'ada, kafin mutum ya hau dandali ranar buɗe sabon aiki, abokin aiki ya ɗan buge shi da gwiwa ta baya don sa'a, shi kuma wanda aka buga haramun ne ya ce ya gode, in ya faɗa sa'ar ta zube. Duk ranar buɗe fim ɗin Mira, Bronka ce kan gaba wajen yi mata wannan alheri. Gwiwar 'yar masaƙa ce, kuma ba ta rage komai. Mira takan yi tangal-tangal, ta juyo da ƙwalla a ido, ta gyara rigarta ta hau. Ba ta taɓa cewa uffan ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Mira ta auri wani likitan ido, ta bar fim tun tana da sauran kyau, ta zama abin tunawa. Bronka ta ci gaba da sharar bene, daga baya ta koma kaka mai faɗa a wasannin talabijin. Masaƙu suka rufe. Pan Alojzy ya mutu, Pan Zenon ya bi shi, Czesiek ma ya tafi da ciwon zuciya. Wata rana tana wanke gilashin shayi ta lissafa, ta ga waɗanda suka san maganar saura mutum biyu a duniya, ita da Mira. Ta taɓa gwada faɗa wa wata maƙwabciya. Matar ta ce, "Allah sarki, Pani Bronka," ta tambaye ta ko tana shan maganinta a kan lokaci.

A kakar 2008 wasiƙa ta zo. Za a yi bikin cikar Jirgin Safe Zuwa Kutno shekara arba'in a wani gidan sinima a nan Łódź, Mira za ta zo. Amma an yi mata aiki a maƙogwaro bara, an cire abin da aka cire, ba ta magana kwata-kwata, sai rubutu. Ta rubuta jawabinta, tana roƙon Pani Bronka ta karanta mata.

Bronka ta karanta wasiƙar sau uku. Tausayi ya zo, ba a ce bai zo ba, amma bai daɗe ba murna ta ture shi. Mutum ɗari biyar a zaune, yanzu suka gama jin muryar a fim, sai ga ta tana fitowa daga bakin tsohuwar mai shayi. Ko kurma ya gane. Ta daina shan taba, ta koma shan ruwan ɗumi da zuma, ta kai rigarta mai ruwan toka aka buɗa mata ƙugu.

Ranar, da ƙarfe huɗu na yamma, aka haɗa su a wani ɗan ɗaki bayan dandali. Mira ta rame, gyale na siliki naɗe a wuyanta, ɗan littafin rubutu rataye da zare a hannunta. Kuma har yanzu kyakkyawa ce, abin haushi. Ta rungume Bronka, ta miƙa mata takarda biyu. Bronka ta sa tabarau ta bi su da sauri tana neman sunanta. An gode wa marigayi Pan Zenon. An gode wa mai kyamara, da telan da ya ɗinka koren kwat, da mutanen Kutno, da likitan ido. A layin ƙarshe aka gode wa Pani Bronisława Wojtal, wadda ta yarda ta ara mini muryarta a yau.

"A yau," in ji Bronka. "A yau kawai, Mira?"

Mira ta kalli ƙasa.

Aka nuna fim, aka kunna fitilu, aka yi ta tafi. Bronka ta taka zuwa makirfo, Mira na tsaye gefenta da furanni. Mutane suka fara murmushi tun kafin ta buɗe baki, suna jiran ƙarar ƙofar da suka saba. Ta ja numfashi ta saki muryarta ta gida. Ta tsufa, ta ƙara kauri, amma ita ce, da dushewar nan ta ƙarshen jimla. Wata mata a layi na biyu ta dafe baki. Kafin ta kai rabin shafi ana ta fyace hanci. Da ta gama aka miƙe tsaye. Bronka ta tsaya cikin hasken tana cewa a ranta, to, yau dai kun ji.

A falon da aka ajiye lemo da kek mutane suka yanyame ta.

"Pani, wannan gwaninta! Kamar ita, na rantse kamar ita!"

"Wata nawa kika yi kina koyo?"

Wani tsoho mai lambar soja a ƙirji ya sumbaci hannunta. "Kin kusa, Pani, kin kusa ƙwarai. Sai dai ta Pani Mira ta fi laushi. Wannan ba a koyonsa, da shi ake haihuwar mutum."

Bronka ta ji kamar ta kwaɗa masa farantin kek. Ta kutsa cikin mutane ta koma ɗan ɗakin, inda Mira ke zaune ita kaɗai tana hutawa. Ta rufe ƙofa, ta ɗauki littafin rubutun ta dangwara mata a cinya, ta tura mata biro.

"Rubuta. Layi ɗaya. Shekara arba'in ina miki magana, ina miki kuka, ko na gode ba ki taɓa ce min ba. Rigunan naki ne, hotunan naki ne, ki riƙe, ban nema ba. Wannan kaɗai. Rubuta ki sa hannu, in fita in nuna musu."

Mira ta daɗe riƙe da biron. Sannan ta rubuta, ta yage shafin ta miƙo. Rubutun ya fito sarai.

Ke kina da ita har yanzu. Ni tawa ta gaske ma an yanke, kuma ba wanda ya yi kewarta. Ki bar min wannan.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata ma'aikaciyar rediyo ce, Pani Jagoda, mace mai furfura da ta yi shekara talatin tana yanka faifan murya. Ta gaida Mira, ta ja Bronka baranda, ta rage murya.

"Pani Bronka, ni da kunne nake cin abinci. Mai kwaikwayo yana kama sauti, ba ya kama numfashi. Ke inda take jan numfashi a fim, nan kike ja. Wannan ba kwaikwayo ba ne, ko? Ga na'urata a jaka. Ki faɗa, gobe da safe ƙasa ta ji."

Ga shi nan, abin da ta roƙa a coci, ta roƙa a kicin, an kawo mata har hannu. Takardar Mira na dunƙule a tafinta. Ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba tana hango Mira, ta karkata kai tana saurare, yatsunta a kan gyalen wuyanta. Bronka ta ji haushi ya taso mata har wuya. Ko a nan ma Mira ta fi ta. Ta fi ta kyau, ta fi ta suna, yanzu kuma ta fi ta abin tausayi, ta yadda duk wanda ya taɓa ta shi ne mugu.

Ta shaƙe murya, ta mayar da ita ta hanci.

"Kwaikwayo ne, 'yar nan. Aikina ke nan. In kina so in yi miki agwagwa ma, na iya."

Pani Jagoda ta dube ta, ta dubi ƙofar, ta ja zif ɗin jakarta.

Kada wani ya ce Bronka ta yafe. Ba ta yafe ba. Ta hau taragon lantarki ta koma Bałuty tana zagin Mira a ranta tun daga tasha har bakin ƙofa, ta sayi taba a hanya. Da furannin ranar sunanta suka zo ta ba maƙwabciya.

Mira ta mutu a watan Maris. Bronka ta ce ba za ta je ba, sannan ta hau jirgin safe zuwa Warszawa da baƙin kwat ɗinta. Maƙabarta ta cika, ba wanda ya ba ta hanya, ta tsaya can baya kusa da famfo inda ake ɗiban ruwan furanni. Limamin coci ya gama addu'a. Sai ɗiyar Mira ta ce mahaifiyarta ta bar wasiyya ɗaya, a bari ta yi sallama da mutane da bakinta. Aka kunna lasifika.

"Kada ka jira ni a tasha, Janek. Zan zo da ƙafata."

Muryar Bronka ce tana da shekara talatin, da kayan mai shayi, shayinta na hucewa a baranda. Ta bi kan kaburbura ta cika wurin, mutane suka rushe da kuka, masu igiya suka fara sauke akwatin. Matar da ke kusa da ita ta kama hannunta tana sheshsheƙa.

"Shi ke nan, Pani, an tafi da ita. Irin wannan murya ba za mu sake ji ba."

Bronka ta buɗe baki za ta amsa, sai ta rasa da wacce za ta yi magana. Ta rufe bakin, ta tsaya tana ji ana zuba ƙasa.